Lambar da Kawuna Ya Ɗora Mini

Shekarun baya, Nasara ba su daɗe da shiga Sakkwato ba, na je neman auren 'yar kawuna. Kawun nan nawa malamin hisabi ne, ba ya dariya sai da dalili, kuma duk duniya ba abin da ya tsana kamar masu duba.

Ya ce, "Dubu takwas da ɗari da ishirin da takwas, malamai sun ce cikakkiya ta. Nemo duk lambobin da ka raba ta ba saura, ban da ita kanta, ka tara su. In sunka maido ka gare ta daidai, na ba ka ɗiyata. Kwana ukku."

Takarda a lokacin sai mai hali. Na share rairayi a ƙofar zaurenmu, na duƙa ina zane da yatsa. Rabinta, rabin rabinta, haka har na iso ɗari da ashirin da bakwai, ita kuwa ta ƙi rabuwa ko ta wace hanya. Sai na koma ƙanana: ɗaya, biyu, huɗu, har sittin da huɗu. Ina zanawa ina gogewa, ina magana ni kaɗai.

Ina ɗaga kai sai ga wata tsohuwa durƙushe. "Malam, jakina ya ɓace, a duba min."

Na rantse mata lissafi nake yi. Ta ce ai duk haka suke cewa. Don dai ta ba ni wuri, na nuna gabas na ce ta bi nan. Ƙaddara ta sa jakin yana can yana cin karan wani.

Washegari mutum tara na tarar. Har da wani dattijo da ya raɗa mini, "Yaushe Nasara za su tahi?" Nan na san labari zai kai kunnen Kawu.

Ya kuwa kai. A rana ta uku ya iso da sandarsa, jama'a suka watse.

"Ɗiyata nika shirin ba boka?"

Na ce, "Kawu, duba dai ƙasar."

Ya tsuguna yana bin layukan da kan sanda, daga ɗaya har dubu huɗu da sittin da huɗu, lambobi goma sha uku. Ya tara da kansa, ya sake tarawa. Ta fito daidai, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Lissahi ya yi. Na ba ka. Amma jakin, ƙaƙa anka yi ka sani?"

Na ce wallahi ban sani ba.

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Akuyata kwana biyu ba ta dawo ba."

Mun yi shekara arba'in da matata. Na koyar da ɗalibai da yawa sirrin lambar nan, kuma har yau in na tuna ta sai in ji daɗi a raina. Amma a unguwarmu ba wanda ya taɓa tsayar da ni a kanta. Abin da ya fi ba ni haushi, akuyar ma a gabas aka same ta.