Gishirin Santambul

Asabar: daga Jidda zuwa Santambul

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba mota ta tsaya a ƙofar gidana a unguwar Mahjar. Na fito da akwatin ƙarfe ɗaya da kwat na aro wanda hannunsa ya rufe mini yatsu. Ina rubuta muku wannan ne, 'yan uwa masu aikin gidaje, domin na ji mutum uku cikinku za su bi iyayen gidansu Turkiyya bana, kuma duk tambayarku ɗaya: a ina ake cin abinci? Zan faɗa muku. Amma sai kun ji yadda aka yi wasa da furfurata tukuna.

Shekara ashirin da biyu ina dafa wa Sidi Hamza abinci, mai shagon dardumai a unguwar Balad. Bara likita ya hana shi gishiri, ya ce jininsa ya hau, in bai kiyaye ba wata rana rabin jikinsa zai shanye. Da tafiyar sarin dardumai ta taso, matarsa Sitti Nafisa ta ce ba zai tafi ba sai da ni. Dalili kuwa, na daɗe ina cika baki a kicin cewa ina jin Turkanci, wai na koya lokacin da nake dakon kayan alhazan Turkiyya a bakin teku. Gaskiyar magana kalma uku na sani: ruwa, burodi, da wata da suke faɗa mini in na yar musu da kaya.

A ƙofar gidansu Sitti ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Audu, ga amana. In ya dawo mini da kumburin ƙafa, kai da kicin halas, an gama, ka koma gadin ƙofa."

Na ce, "Sitti, ko ƙwayar gishiri ba za ta wuce ta gabana ba."

A filin jirgi aka duba fasfo da iƙama, takardar zaman ƙasa, aka buga tambari. Mun tashi bakwai da minti goma, muka sauka Bairut tara da minti arba'in, muka sake tashi sha ɗaya. Kusa da ni wani Baturke ne mai ɗan Larabci, ya dawo daga Umara. Da na ga Sidi ya yi barci, na raɗa masa, yaya ake cewa marar gishiri? Ya ce "tuzsuz". Na yi ta maimaitawa kamar mai lazimi har muka sauka ƙarfe ɗaya na rana.

Daga filin jirgi zuwa unguwar Sirkaji wajen kilomita ashirin ne, mun yi minti hamsin a tasi. Masaukinmu na daura da tashar jirgin ƙasa, hawa na uku. Sanyin ɗakin ya saka mini mura tun kafin magariba, hanci ya toshe, harshe ya mutu.

Ga wuri na farko. Bayan tashar akwai ƙananan gidajen abinci a jere, tukwane a bayan gilashi, kana nunawa da yatsa ana zuba maka. Baƙo ya fara daga nan, domin yatsa ba ya bukatar tafinta. Na nuna romon adas, ɗan ƙananan waken nan, na gyara murya na ce, "Tuzsuz?"

Mai zubawa ya ce, "Hayir."

To ku da kuke zaune Jidda, me za ku ji? Khair. Alheri. Na ce lalle mutanen nan suna da tarbiyya, ko amsar gishiri sai sun haɗa da fatan alheri. Aka kawo wa Sidi kwanonsa, ni nawa daban, don a ƙasar nan kowa da kwanonsa kamar 'yan kurkuku. Ya kurɓa, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Lami, kamar na gida. Haka Allah ya rubuta mini, ya Audu." Sannan ya sa burodi ya suɗe kwanon tas. Wallahi har tausayi ya ba ni.

Lahadi: masallaci mai hasumiya shida

Da safe na nemi ful, dafaffen waken karin kumallo, kamar kowane ɗan Adam mai hankali. Mai kawo abinci a masauki ya ce, "Hayir," ya wuce. Na zauna jira. Minti hamsin na yi da agogon bango, ba ful, ba labarinsa. Na ce wa Sidi, "Ka ga rainin hankali? Su ce maka khair, su bar ka da yunwa." Ya ɗaga jarida ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka sanyi ne.

Ku sani babu ful a garin nan. Karin kumallonsu shayi ne a ɗan kofin da bai isa kurkure baki ba, da cuku fari, da zaitun. Abin da ya cece ni wani burodi ne mai kamar gammo, an barbaɗe shi da riɗi, ana tallarsa a ka. Simit sunansa. Ku saya da zafinsa, biyu sun isa har azahar.

Na nuna zaitun na tambaya, aka ce hayir. Nan kam na ɗan yi turus, don ni kuku ne. Na ce, "Sidi, zaitun marar gishiri?"

Ya ce, "Turai ke nan, ya Audu. Ba abin da ba su iya ba."

Bayan azahar a babban masallaci mai hasumiya shida, muka tsallaka titi zuwa wurin masu kufta. Nama ne niƙaƙƙe, a dunƙula kamar yatsa a gasa a gawayi, guda shida a faranti, da wake da albasa. Ku je kafin ƙarfe ɗaya, in ba haka ba a tsaye za ku jira. Da hayir ɗin wannan rana Sidi ya ci faranti biyu da kofi uku na wani nono da suke damawa da ruwa. A kan nono kuma in yi muku kashedi. In kun haura tudun da ke ƙetaren babbar gadar garin kuka ga mutane na shan farin abu a siririn kofi, ba nono ba ne, giya ce. Ku yi ta'awwuzi ku wuce.

Litinin: rufaffiyar kasuwa da gada

Daga tara na safe zuwa uku muna cikin rufaffiyar kasuwa, Sidi na cinikin dardumai da Larabci da wani dillali mutumin Halab, ni ina riƙe da jaka ina ɓata hanya. Kada ku ci a gidajen da ke bakin ƙofa, inda ake kafa mutum yana kamo hannun riga. An zuba mana shinkafar da ba ta kai cikin tafin hannu ba, aka karɓi kuɗin tunkiya. Ku bi 'yan dako in sun tashi cin abinci. Inda suka shiga, nan ne.

Da la'asar muka gangara gada. Masunta na soya kifi a cikin kwalekwale, suna miƙo shi a tsakiyar burodi, ruwa na jijjiga su ko a jikinsu. Wannan kam ku ci, ko da shi kaɗai za ku ci a garin. Gefe guda wani na sayar da jan ruwa a kofi, da kokwamba da kabeji a ciki. Na yi tambayata, na sami amsata, Sidi ya shanye kofi biyu yana yamutsa fuska yana cewa, "Don dai magani ne."

Talata: unguwar Abu Ayyuba

Da safe takalmin Sidi ya ƙi shiga. Ƙafar ta yi sumul kamar an hura, na danna da yatsa wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce kansa na sara. Na ce mu nemi likita, ya ce yawon kasuwa ne kawai, yalla mu tafi ziyara. Sai da na tsaga masa bakin takalmi da wuƙa.

Jirgin ruwa ya kai mu unguwar da kabarin Sahabi Abu Ayyuba yake, tafiyar minti arba'in. Bayan ziyara muka shiga wani lungu a bayan masallaci, gidan abinci mai tebur huɗu. Mai gidan dattijo ne, Haji Usman, ya taɓa shekara biyu yana gasa burodi a Madina. Ban san haka ba lokacin. Na nuna tukunyar wake na ce, "Tuzsuz?"

Ya ce, "Hayir."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Zuba."

Ya tsaya da ludayi a hannu, ya dube ni, ya ce da Larabci tsaf, "Ya Haji, ai cewa na yi a'a. Da gishiri a ciki."

"Ba khair ka ce ba?"

"Hayir na ce. A wurinmu a'a ke nan."

Nan take na shiga lissafi. Romon adas, zaitun, kufta, jan ruwan nan. Kwana uku mutane na gaya mini gaskiya ina yi musu godiya. Ina nan tsaye sai na ji murya a bayana tana zuba Turkanci kamar ruwan famfo. Na waiga. Sidi Hamza ne, yana ƙifta wa dattijon ido, yana nuna masa ya zuba kawai. Dattijon ya ce, "Maigidanka ya ce kada in tayar maka da hankali."

Na ce, "Sidi, kana jin yaren nan?"

Ya sosa gemu. "Kakata Baturkiya ce. A hannunta na girma."

"Ke nan tun ranar Asabar ka san me ake ce mini?"

"Tun ranar da ka fara cewa kana jin Turkanci na sani, ya Audu. Me ya sa kake tsammani na yarda ka biyo ni?"

Shekara ashirin da biyu ban taɓa ɗaga masa murya ba, sai ran nan. Na ce, "Kai da jikokinka bakwai ka zauna kana mini fuskar maraya, kana suɗe kwano? Lami kamar na gida? In ka faɗi a ƙasar mutane, da wane yare zan kira likita? Da ruwa da burodi? In ɗauko ka in kai wa Sitti in ce me?"

Ya ce, "Shekara guda ban ji ɗanɗanon abinci ba."

"Ni kuma shekara guda ina ƙona hannuna da lemon tsami da tafarnuwa don ka ji. Ba ka taɓa suɗe nawa kwanon ba."

Haji Usman ya ajiye ludayi ya zaunar da mu. Ya shiga ciki ya dafa kaza da shinkafa daban, ba gishiri, ya matsa lemo, ya kawo da kindirmo. Ya tsaya a kan Sidi har ya cinye. Daga nan ya sa surukinsa ya raka mu wurin likita a tasi. Likita ya auna, ya yi faɗa da Turkanci na minti goma. Ban bukaci tafinta ba.

Laraba da Alhamis

Kwana biyun nan kullum jirgin ruwan sha ɗaya da rabi muke bi zuwa wurin Haji Usman, mu ci na rana, ya ƙunsa mana na yamma. Wanda maigidansa ke da ciwo, nan zai kai shi. Lungu na biyu ne hannun hagu in ka ba masallaci baya, ƙofa koriya. Ka yi masa Larabci, kada ka gwada gwaninta.

Kumburi ya ragu amma bai tafi ba. Ranar Juma'a a jirgin dawowa, bayan mun bar Bairut, Sidi ya matso ya ce, "Mu yi sulhu. Ka rufa mini gishiri, in rufa maka Turkanci. Mu ce zaman jirgi ne ya kumbura ta."

Na ce zan yi tunani. Na yi kuwa, don gadin ƙofa a zafin Jidda ba wasa ba ne ga mai shekaruna. Amma na san in na rufa yau, gobe a kicin ɗina zai sa hannu a gwangwanin gishiri yana kallona, ba ni da bakin magana.

Mun sauka Jidda biyar da kwata na yamma. Sitti na tsaye a zaure. Ba ta dubi fuskarsa ba, tsagaggen takalmin ta duba. Kafin ya buɗe baki na ce, "Sitti, ba na jin Turkanci, ban taɓa ji ba. Shi kuma yana ji. Kwana uku ya ci gishiri a gabana ina sa albarka."

Ni kam har na fara tunanin inda zan kafa kujerar gadi. Sannan ta ce, "Ba zan ba wa wani kicin ba, don wani kam maigidan zai iya saye shi. Amma gwangwanin gishiri ya koma ɗakina. Kuma daga yau tukunya ɗaya za ku ci, kai da shi, har likita ya ce ya isa."

Sidi ya ce, "Maci amana." Na ce, "Sannu da hanya, Sidi."

Na iso Mahjar bayan magariba, na tarar da iyali lafiya. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu da ƙafafunmu, ko da ɗaya ta fi ɗaya. Ina gode wa Haji Usman, Allah ya sake kawo shi Madina, da Malam Bala da ya ara mini kwat, da duk waɗanda suka zo sannu da zuwa. Wanda bai samu zuwa ba, ya same ni a ƙofar baya ta gidan Sidi wajen azahar. Ya sako ɗan gishiri a aljihu.