Kumfar Gwaggo Sailuba

Gwaggo Sailuba ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nata a Limancin Kona, kuma ita da mahaifiyata, Hajiya Jummai, shekara ɗaya aka kawo su unguwar suna amare. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Ta soya ƙosai, ta yi kitso, ta yi wankau, har Allah ya haɗa ta da wata mata 'yar Wusasa mai suna Kezia, wadda ta koya mata haɗa sabulun ruwa. A nan ta tsaya. Duk gidan da ka shiga a lungunmu sai ka ga gorar koren sabulunta a gindin rijiya.

Shekara uku da suka wuce Hajiya ta faɗi a tsakar gida tana alwala. Shanyewar ɓarin jiki ce. Bayan mako uku a asibiti aka sallame ta, ƙafa ta fara takawa, amma baki ya karkace, magana ba ta fita daidai. Matar da ta saba biya wa matan unguwa karatu bayan La'asar sai ta yi gum, ko ruwa take so sai dai ta nuna da hannu. Likita ya ce ta riƙa motsa leɓe, ta riƙa hura iska. Na sayo balan-balan, ta kawar da kai. Na kawo usur, ta tura shi ƙarƙashin katifa. Kunya ce ke cin ta, na sani, amma na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Na kai kukana wurin Gwaggo. Ta saurare ni tana juya sabulu da muciya, sannan ta ce, "To, Bilkisu, je ki."

Kwana biyu tsakani ta yi sallama da hantsi, ɗauke da ƙaramin kwano da wata waya da ta lanƙwasa kanta kamar zobe. Ta zauna a bakin tabarmar Hajiya, ta ce wani sabon haɗi take gwadawa don 'yan sallah, ga shi gidanta ba inuwa. Ta tsoma wayar ta hura. Ko kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Ta sake, ruwan ya fantsamo mata a ido. Hajiya ta bi ta da kallo kawai.

Ashe da gaske Gwaggo ba ta iya ba, a gabanmu ta koya. Ta gano ruwan rijiyarmu ba ya yi, ta koma na sama da ta tara a randa. Ta daina kaɗawa da ƙarfi, don in haɗin ya yi kumfa a kwano ba ya tashi a iska. Kofi shida na ruwa, kofi ɗaya na sabulu, cokali biyu na gilisarin, man nan mai yauƙi da take sakawa a sabulunta, ɗan sukari, sannan a rufe ya kwana. Wayar ma ta ba ta wahala, tsirararta ba ta riƙe ruwa. Ta karɓo wayoyin tayar keke a wurin mai gyara a Kwarbai, ta naɗe zoben da zaren saƙa, ta sa kara a gindi don hannun da ba shi da ƙarfi ya iya riƙewa. Biyu ta yi. Kullum sai ta ajiye ɗaya kusa da hannun Hajiya, ba ta taɓa cewa ta ɗauka ba.

Ranar da haɗin ya yi, kumfa kamar lemo ta riƙa tashi tana haye katanga. Gwaggo ta hura sau uku, ta dafe ƙirji tana tari.

"Yaya Jummai, numfashina ya ƙare. Taimaka ki duba mini ko ya yi kauri."

Ina kallo daga ƙofar madafa. Hajiya ta daɗe tana duban wayar, sannan ta ɗauka. Iskar ta zurare ta gefen baki, yawu ya zubo. Gwaggo ta sunkuya tana gyara ɗaurin zaninta kamar ba ta gani ba. A karo na biyar wata 'yar ƙaramar kumfa ta fita, ta sauka a kan buta. Hajiya ta lashi leɓenta, ta yamutsa fuska, ta ce da nauyin harshe, "Sabulu ya yi yawa."

Maganarta ta farko ke nan cikin wata biyu. Na shige madafa na toshe baki da gyale, ina jin su suna musu a kan awo.

Wata huɗu Gwaggo tana zuwa kowace hantsi, tana barin kwastomominta suna ƙwanƙwasa ƙofa. Muka ci gaba da zuwa asibiti, magana ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Har yau Hajiya ba ta furta wasu haruffa daidai, amma tana kiran sunana, tana yi mini faɗa, tana yi wa jikokinta addu'a da bakinta.

Da na kai wa Gwaggo turmin atamfa, ta mayar mini. Ta ce in dai ina son saka mata, in daina zubar da gorunan ruwa, in riƙa tara mata masu murfi. Yanzu gwiwa ta hana ta fita sosai, Hajiya ce ke dogara sanda ta zagaya wurinta. Ni kuwa duk Juma'a nakan kai buhun goruna, wankakku, in zauna in taya ta ɗurawa. Allah ya saka mata da gidan Aljanna.