Haƙƙin Mutanen Dapaong

Yayana ne ke kunna injin fim a silimar unguwarmu a Sokodé, tun ina ’yar makaranta har aka rufe ta. Gini ne mara rufi, bango huɗu da bencin siminti, sai ɗan ɗaki a sama mai ƙaramar taga. Yanzu an buga masa kwano, masara ake ajiyewa a ciki.

Daga kudu finafinan Indiya ke zuwa cikin gwangwanaye, su yi kwana uku a wurinmu, sannan a ɗora su a mota zuwa garin Dapaong da ke arewa da mu. Dattawan zango sun yarda silimar ta zauna bisa sharaɗi ɗaya: duk inda namiji ya rungumi mace, ko rawa ta wuce kima, a cire. Don haka bayan azahar Yaya yakan zauna da almakashi, yana ɗaga fim wajen hasken taga, ya yanke, ya liƙe. Ƙa’ida ita ce ya mayar da abin da ya cire kafin motar arewa ta tashi. Da farko gaggawar direba ke hana shi. Daga baya ya daina tunawa. Guntayen suka taru a buhu, ranar da aka rufe silimar aka ƙone su da shara.

Da ciwo ya kwantar da shi, ’yarsa da ke aure a Dapaong ta ɗauke shi. Na bi su bayan sati biyu. Na same shi ya rame, ba ya cin abinci, kuma ba ciwon ke damunsa ba. Ya ce shekara da shekaru mutanen garin nan suna kallon fim guntu saboda shi, ga shi Allah ya kawo shi ya mutu a hannunsu. Ya nemi gafarar dangi duka, amma waɗannan bai san fuskarsu ba.

Na ce masa wannan ba abin damuwa ba ne. Ya juya fuskarsa bango.

Kwana biyu ina tambaya a kasuwa, har aka nuna mini wani tsohon mahauci da aka ce ba ya fashin silima a zamaninsa. Ya wanke hannu ya biyo ni. Da ya ji bayanin sai dariya ta kama shi. Ya ce su duk a zatonsu haka mutanen Indiya suke, saurayi na miƙa hannu sai ka gan shi a bakin kogi shi kaɗai.

“Ashe kai ne ɓarawon rawarmu. To, Malam, na yafe, duniya da lahira.”

Yaya ya riƙe hannunsa, ya daɗe bai saki ba. Sannan ya tambaye shi sauran da suke zama tare a silimar fa.

Mahaucin ya fara lissafo su da yatsu. Wannan ya rasu, wancan ya koma garin Mango ya rasu a can, wani ba a san inda yake ba. Bai kai ƙarshen hannu ɗaya ba ya sauke hannun.

“Ki ƙara nema gobe, auta,” in ji Yaya.

Na nema. Na sami mutum biyu, na ce su zo ranar Juma’a. Sun zo, amma jana’iza suka tarar.