Baƙon da Ya Nemi Gida a Limanti

Cikin duk shekarun da na yi ina dillancin gidaje a Maiduguri, ranar da ta ƙi fita a raina ita ce ranar da Ustaz Bashir ya shigo ofishinmu. Na ce ofis ne don ku ji daɗi, ku sababbin shiga da kuka tarar da fanka da kujerun roba. A lokacin rumfar kwano ce kawai a gindin dalbejiya, da benci biyu. Wata Laraba ce cikin bazara, bayan yaƙi ya tarwatsa mutanen Sudan, zafi kamar zai dafa mutum a zaune.

Dogo ne, baƙi wuluk, da farar jallabiya da ƙaton rawani irin na can. Ya yi sallama, ya ce, "Ina biɗar gida, ya Malam." Na ɗago na dube shi, domin rabona da jin an ce "biɗa" a bakin mai neman haya tun kakata tana raye. Hausarsa ta tsofaffi ce, ya cuɗa ta da Larabci. Na ce masa sunana Garba, na matsa masa benci, na aika aka kawo shayi.

A nan ya ba ni tarihinsa. Kakansa Bahaushe ne mai fataucin fata da ya zauna a nan Yerwa, ya tashi zuwa aikin Hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya zauna noma, ya yi aure, bai sake dawowa ba. Shi Ustaz can aka haife shi, can ya koyar da lissafi a sakandare har furfura ta fito masa. Da yaƙi ya iso unguwarsu, suka gudu Masar wurin wan matarsa. Ya bar matar, Nafisa, da 'ya'yansu mata biyu a can, ya zo ya duba garin kakansa. Sun yi da ita cewa in ya sami gida kuma garin ya zaunu, za su biyo shi.

Ga waɗanda ba su san aikinmu ba, ba nuna gida kaɗai ne dillanci ba. Da farko ka kai mutum ya duba, sannan ka daidaita shi da mai gida, ka ci la'adarka. Amma tun shekarun tashin hankali aka ƙara wani mataki a tsofaffin unguwanni: ba a ba baƙo makulli sai an kai shi gaban Bulama, wato mai unguwa, tare da wani ɗan unguwar da zai tsaya masa, ya ce ya san shi, in ya yi ɓarna a neme shi. Dillali ba ya tsayawa, tunda yana da abin ci a ciki. A sababbin unguwannin bakin gari kuwa wasu masu gidan ba sa matsawa sosai.

Saboda haka na nufi Maisandari da shi. Ina da gidaje masu kyau a can, da rijiyar burtsatse, da sola, da katanga mai waya a sama. A ganina mutumin da ya fito daga yaƙi babu abin da yake so sama da shiru da ƙofa mai ƙarfi. Na yi ta zuba, kun dai san bakina: ruwa ba ya yankewa, makarantar 'yan mata tana kusa, asibiti ga shi nan, titi har ƙofar gida. Shi kuwa sai ya leƙa ɗakuna sama-sama, ya ce "tamam," wato ba laifi, ya fito ya tsaya a bakin get yana kallon layi. A gida na uku ya daɗe a tsaye, babu kowa a layin sai wata mota da aka buɗe wa get ta shige aka rufe.

Ya ce, "Ya Garba, maƙwabtan nan mutane ne ko motoci?"

Na yi dariya, amma raina ya ɗan ɓaci, domin tun safe muke yawo a keke Napep. A hanyar dawowa na ce masa, "Ustaz, gaya min gaskiya, me kake nema? Abin da ke sa gari ya zaunu duk na nuna maka."

Muka ci gaba da tafiya har muka wuce Kasuwar Shanu. Sannan ya ce, "A inda aka haife ni, aka haifi ubana, Takari ake ce mana. Mutum ya gaishe ka da kyau, sannan ya tambaye ka asalinku daga ina. A Masar kuma yara kan bi ni da ido a titi saboda fatata. Ranar da na sauka garin nan na shiga kasuwa, wallahi babu wanda ya waiwayo ya dube ni. Na yi ta zagayawa ban sayi komai ba, don daɗi. Sai da na buɗe baki aka ce ga ɗan Sudan." Ya yi murmushi, ya ce, "Ina neman inda zan zama mutumin wurin, ko da a ƙarshen rayuwa ne."

A wani masauki kusa da tasha yake kwana, shi kaɗai yake cin abinci. Ya bi unguwanni yana tambayar sunan kakansa, babu wanda ya taɓa ji. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Washegari na kai shi tsohuwar unguwar Limanti, gidan wata dattijuwa, Ya Falmata, wanda ta gada daga yayanta. Tsohon gini ne mai zaure da ɗaki huɗu da bishiyar lemun tsami a tsakar gida. Babu burtsatse, sai 'yan garuwa. Ni da kaina ba zan saka shi a sahun farko ba. Amma tun daga bakin lungu na ga tafiyarsa ta sauya. Ga mai wankin hula ya jera huluna a rana, ga masallaci, ga tsofaffi a kan tabarma ana ta doguwar gaisuwar Barebari da ba ta ƙarewa. Ƙamshin turaren wuta ya fito daga wani gida, ya tsaya ya shaƙa, ya ce irin na mahaifiyarsa ne. Ya shiga kowane ɗaki yana cewa wannan na Nafisa, wannan na yara.

Muka je gaishe da Ya Falmata a gidanta da ke jikin wannan. Ta saurare ni har na gama, ta dubi Ustaz, ta yi masa sannu irin ta Barebari, ta ce, "Wushe, wushe da hanya. Amma ɗana, wa ya san shi?"

Ustaz ya ciro fasfo da takardun koyarwa. Ta ɗaga hannu, ta ce, "Takarda ba ta zuwa gaban Bulama ta yi magana. Mun ga abin da baƙo ya jawo wa unguwar nan a baya, mun binne 'ya'yanmu. Ba ƙinsa nake yi ba. Ya kawo mutum ɗaya, ko kuturu ne, in dai ɗan Limanti ne."

Gaskiyarta ce, kuma ni ma ba ni da wanda zan roƙa ya ɗora wuyansa a kan mutumin da bai taɓa gani ba. Muka fito. Ustaz ya tsaya a ƙofar zauren yana mai da takardunsa cikin aljihu a hankali, ya ce da ni ƙila gobe ya nemi motar Kano.

Muna nan tsaye sai muka ga mutane suna ta nufar ƙarshen layi. An yi rasuwa, wani tsoho mai suna Ba Kyari, wato Baba Kyari a bakin Barebari, an fito da shi za a yi masa salla. Muka bi sahu kamar kowa. Da aka sallace shi aka ɗaga makara, kun san yadda ake yi, ana tafe ana karɓa-karɓa, wannan ya zare kafaɗa wancan ya saka. Ni dai a baya nake, don gwiwata ba ta son wasa. Sai na hango farin rawanin Ustaz ya kutsa gaba. Wani tsoho ya gusa masa ba tare da ya ko dubi fuskarsa ba, ya saka kafaɗarsa, suka ci gaba da tafiya.

A maƙabarta ya naɗe hannun riga ya shiga layin masu miƙa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Jallabiyar nan fara ta koma ja. Ana cikin rufe kabari sai kuka ya ƙwace masa, kuka na gaske, har kafaɗunsa suna rawa. Mutanen Limanti kuwa da suka ga dogon baƙo mai rawani yana irin wannan kuka, sai suka ɗauka ɗan'uwan mamacin ne da ya zo daga Chadi. Suka jeru suna ba shi hannu ɗaya bayan ɗaya, suna cewa Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya jiƙansa. Shi kuma yana amsawa da amin. Daga baya ya gaya min ƙaninsa ya tuna, wanda ya rasu ana tsakiyar harbe-harbe, suka binne shi a tsakar gida su biyu shi da maƙwabci, babu salla a sahu, babu wanda ya zo gaisuwa. Ya ce sai a ranar aka yi masa ta'aziyya.

Tsohon da ya gusa masa a makara shi ne Ba Modu, mai wankin hular nan na bakin lungu. Ya riƙo hannun Ustaz har tabarmar zaman makoki, yana tambayarsa ta wane ɓangare ya haɗu da Ba Kyari. Ustaz ya ce bai taɓa ganinsa ba. Na matso na yi bayani, har da maganar Ya Falmata. Ba Modu ya ja carbinsa, ya ce, "Gobe bayan La'asar ku same ni gidan Bulama."

Bulama ya tambaye shi kamar yadda aka saba, "Ba Modu, ka san mutumin nan?"

Ya ce, "Jiya na san shi."

Bulama ya ce, "Jiya? Sanin kwana ɗaya za ka ɗora wuyanka a kai?"

Ya ce, "Mun ɗauki Kyari tare. Bai san shi ba, ya ɓata rigarsa, ya yi masa kukan da 'ya'yansa ba su yi ba. In ya yi ɓarna a zo a kama ni, ga shagona nan ba ya gudu."

A ranar Ya Falmata ta ba da makulli. Ustaz ya yi wa gidan fenti, ya sayi gadaje da labule, ya sami koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta. Duk sanda muka haɗu sai ya nuna min hotunan da ya tura wa Nafisa, ya ce sun kusa. Da farko an ce sai yara sun gama jarrabawa, daga baya aka ce sai bayan damina.

Da shekara ta zagayo na je jin ko zai sabunta haya, kamar yadda aikinmu ya tanada. Na same shi a gindin lemun tsami yana dafa shayi a kofi ɗaya. Ɗakuna uku a rufe. Ya buɗe min ɗaya, katifun har yanzu da ledarsu. Ya ce babbar 'yar ta sami jami'a a can, mahaifiyar Nafisa kuma ba lafiya. Sannan ya ce, "Kuma Nafisa ta faɗi gaskiya, ya Garba. Ba ta jin Hausa, ba ta san kowa ba. In ta zo nan, ita za ta zama abin da na zama a can. Ba za su zo ba."

Na ce masa to kada ya ci gaba da biyan ɗaki huɗu a banza. Ko in nema masa ciki ɗaya a wata unguwa, ko in yi magana da Ya Falmata ta sallame shi ya koma wurin iyalinsa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Zan riƙa zuwa ina ganinsu. Kaɗaici yana nan, ba zan ɓoye maka ba, wani lokacin ni kaɗai nake magana a gidan nan. Amma kwanaki zazzaɓi ya hana ni fita sallar Asuba. Kafin rana ta fito Ba Modu yana buga ƙofa, wai ba su gan ni a sahu ba. Ya Falmata ta aiko da kunu, ta haɗa da faɗa. Shekara sittin na yi a duniya, ban taɓa zama inda rashina yake tayar da mutane ba. Ka sabunta."

Na sabunta masa, na hau keke na nufi gida. Gidana a Maisandari yake, ni na zaɓe shi da idon dillali, kuma babu abin da ya rasa. Iyalina sun koma Kano a shekarun tashin hankali, yara suka girma a can, uwarsu ta zauna tare da su. Na buɗe get na shiga na rufe, na zauna a tsakar gida ina tunanin ko kwana nawa zan yi a kwance kafin wani ya lura. Ban ji daɗin amsar da na samu ba.

Ku da kuke fara aikin nan, ruwa da wuta da titi duk ku nuna, haƙƙin mai haya ne. Amma wanda ya baro wata ƙasa yana neman garin zama, ku bar shi ya tsaya a ƙofa ya kalli layin yadda yake so, kada ku hanzarta shi. Yana duba ko akwai wanda zai neme shi ne. Ni har yau Maisandari nake kwana, sai dai Juma'a a Limanti nake yin ta, kuma in na makara Ustaz yana kira ya ji ko lafiya.