Muryar Dogo a Wayar Inna

Bango ɗaya ne tsakanin shagona da ofishin Dogo. Ni tela ne, shi kuma manhajar waya yake rubutawa. Shekara tara yana jin ƙarar kekena, ni ina jin tarinsa da dariyarsa.

Shi ya koya mini cewa kowace manhaja kashi biyu ake fitar da ita, ta gwaji da ta fitarwa. Ya ce, "Tela, ta gwaji kamar rigar da ba ka gama ba ce, alli duk a jikinta, zare na reto. Nauyi gare ta, ga surutu, duk inda ta taka sai ta faɗa maka. Ta fitarwa kuwa an goge allin, an yanke zaren. Aikinta kawai take yi, bakinta a rufe."

A saman allon kwamfutarsa akwai ɗan akwatin da ake zaɓar ɗaya daga ciki. Ko da yaushe Dogo mantawa yake ya juya shi. Abokiyar aikinsa, wadda muke kira Malama, ta sha yi masa faɗa. "Dogon banza, ka sake tura wa mutane ta gwaji!" Sai ya dafe kai yana dariya.

Mahaifiyarsa, Inna, tana da hawan jini, idonta kuma ya yi rauni. Sai ya rubuta mata manhajar tuna shan magani. A ta fitarwa ƙararrawa ce kawai ke bugawa. A ta gwaji kuwa muryarsa ya naɗa, don ya riƙa jin inda aikin ya kai yana wani abin. Kamar yadda ya saba, ta gwajin ya saka mata. Da safe wayar ta ce, "Inna, farar ƙwayar, ba jar ba." Can ta ƙara, "Kin sha, ko kin tura ƙarƙashin filo?" Da ya zo gyarawa ta riƙe wayarta gam. Ta ce, "Bar mini mai surutun. Ya fi ka zuwa gaishe ni."

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, kwana shida kacal a asibiti. Har yau in na zare ƙafa daga keke sai in kasa kunne.

Wata biyu da rasuwarsa wayar Inna ta faɗa bokitin wanki. Na sayo mata wata, Malama ta saka mata manhajar da ta samu a kammale, wato ta fitarwa. Ƙararrawa ta buga, Inna ta jira, shiru. Ta kife wayar a tabarma. Kwana uku ba ta sha magani ba, ƙafafunta suka kumbura. Na lallashe ta, ta ce, "Ɗan nan, ba wanda ya ce in sha."

Muka buɗe ofishin ni da Malama. Kofin shayinsa na nan a tebur, ya bushe. Ta kunna kwamfutar, ta dubi akwatin nan. A kan ta fitarwa yake.

Ta ce, "Ja'iri. Sai wannan karon ya tuna." Ta share ido da mayafi, ta mayar da shi kan ta gwaji, muka zauna muna jira kwamfutar ta haɗa manhajar.

Da yamma na kai wa Inna. Lokacin magani ya yi, wayar ta yi tari sau biyu, sannan ta ce, "Inna, farar ƙwayar, ba jar ba."

Ban taɓa lura da tarin nan a cikinta ba. Shekara biyu ke nan da naɗa shi.

Inna ta ce, "Ka ji ko? Tun a nan yake yi. Kai da ke bayan bangonsa, ba ka ji ba?"

Na ce na ji, Inna. Kullum ina ji, ban dai taɓa tambayarsa ba.

Ta laluba ta ɗauki farar, na miƙa mata ruwa. Wayar ta tambaye ta ko ta tura ƙarƙashin filo.

Ta ce, "Na sha, Dogo. Kai fa?"