Malama Sauda, wadda ta gina mana Nijeriya da laka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga watan Maris, 1997, bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran Malama Sauda Ɗanmaliki a gidanta da ke Zoza, bayan jinyar mako uku. Ni Tasalla, ɗaya ce daga cikin yaran da ta fara koyarwa, yau kuma ni ke riƙe da ajin da ta bari.

Malama, lokacin da aka turo ki makarantarmu a 1982, babu taswira ko ɗaya a bango. Kin rubuta takarda zuwa ofishin ilimi na Karaye har sau uku, shiru. Ba ki zauna jira ba. Kika sa muka ɗebo laka a bakin rafi, kika gina ƙasar nan a filin makaranta. Kika tara duwatsu a tsakiya kika ce ga Jos, kika haƙa hanyoyi biyu da tsinke. Zaituna, 'yar ajinmu, ta zuba ruwan buta a kogin Kwara, ni na zuba a na Binuwai, muka bi su da ido har suka haɗu. Ranar na san Lakwaja.

'Ya'yan makiyaya ba su jin Hausa sosai, sai ki juya musu da Fulatanci. Kina tambayarsu inda iyayensu ke kai shanu da rani, su kuma su ɗora tsakuwa a wurin. Haka yaran da ake yi wa dariya suka zama masu nuna mana hanya.

Ban manta da jami'in da ya zo duba makarantu ba. Ya tsaya a kan taswirar da takalminsa, ya ce a share wannan wasan laka, ɗan makiyayi ba ruwansa da Kalaba.

Kika ce, “Ranka ya daɗe, ka ɗan matsa, kana taka Sakkwato. Ƙasarsu ce, sai sun san ta. In kana da wadda ta fi wannan, kawo mana.”

Bai kawo ba. Ya rubuta cewa ba ki da biyayya, aka hana ki ƙarin girma shekara shida. Ba ki je roƙon kowa ba. Duk damina ruwa ya cinye taswirar, duk kaka ki sake gina ta. Da aka ƙara jihohi bara, kina tari kina durƙushe kina jan sababbin iyakoki, ba ki yarda na karɓe ki ba.

Tun kafin a yi sadakar bakwai, wasu suka fara cewa gara a rufe makarantar, tunda mai taurin kan ta tafi. To, su ji da kyau. Mu huɗu da kika koyar muna koyarwa a ƙasar Rogo da Karaye, iyayen yara kuma sun zauna sun ce ba za su janye ko ɗa ɗaya ba. Ranar Litinin na buɗe aji, yara arba'in da uku suka zo. Duk mai son rufe shi, ya zo ya faɗa a gabansu.

Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta Malam Shitu, da 'ya'yanta Lauratu da Lukumanu, da Goggo Yelwa da ta yi jinyarta. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙan Malama, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ilimin da ta bari ya zame mata sadaka mai gudana. Mu kuma Ya ba mu irin tsayuwarta. Amin.