Ƙarfen da Ya Huce a Hannun Aljana

Wutar kakata ba ta jin ɗumi ba ce, ta aiki ce. Mu jikoki ne muka mayar da ita tamu saboda sanyi. A gidanmu na Mungadi, da zarar gero ya shiga rumbu, an fafe duma ya bushe, Dada kan jawo murhunta ƙofar ɗaki bayan magariba, ta jera ƙarafuna uku cikin garwashi, ta ɗora ƙwarya a cinya. Sana'arta ke nan tun kafin a haifi babana, zanen ƙwarya da ƙarfe mai zafi. Ba ta da ubangida, ba mai ce mata yi kaza. Matan Fulani har daga rugagen wajen Liba sukan kawo ƙorensu farare su ajiye, su dawo bayan kasuwa biyu su karɓi abin da hannunta ya ga dama.

Abin da yake ba ni mamaki har yau shi ne ba ta taɓa shata zane da gawayi kafin ta sa ƙarfe. Kuma ƙuna ba ta goguwa, inda ƙarfe ya taɓa ya taɓa ke nan. Za ta ɗan jujjuya ƙwaryar, sai kawai mu ga siririn hayaƙi ya tashi, ƙauri ya cika tsakar gida, baƙin layi ya fara tafiya. Tatsuniya kuwa sai lokacin da ƙarfe ke ɗaukar zafi take ba mu. Da ya yi ja, ko kura ta buɗe baki za ta haɗiye yarinya, haka za ta zauna da bakin a buɗe sai Dada ta gama layinta.

Ni Balki, a lokacin ban fi shekara goma ba, kuma Allah ya yi ni da ido. Abin da na gani sau ɗaya sai in zana shi a ƙasa da tsinke. Babu abin da nake so a duniya kamar in ji Dada ta ce ina da hannu, don ba ta taɓa faɗa wa kowa haka ba, ga shi idonta ya fara yana. Da ta tafi biki Maiyama ta kwana biyu, sai na ɗauki ƙoƙo da ƙarafunanta, na ajiye wata ƙwarya da ta gama a gabana, na kwaikwaye ta layi bayan layi. Na ƙone yatsa biyu. Amma da na gama, innata kanta sai da ta rantse aikin Dada ne.

Ranar da ta dawo ko mayafi ba ta cire ba na miƙa mata. Ta kai shi kusa da ido, ta bi zanen da babban yatsa.

“Wa yay yi wanga?”

“Ni ta, Dada.”

“Kin iya. Ko ɗigo ba ki bari ba.”

Ta ajiye ƙoƙon gefe, ta nemi ruwan alwala. Shi ke nan. Ni da nake jiran guɗa, raina ya ɓaci ƙwarai, har tuwo na ƙi ci.

Da yamma ta hura wuta, muka kewaye ta. Ta buga ƙarfe a dutsen murhu kamar yadda ta saba, ta ce, “Ga ta nan tahe, ku buɗa mata hanya.” Muka amsa, “Ta shigo, mun share mata wuri.”

Ta ce a wani gari na bakin gulbi an yi wata mai zanen ƙwarya da ɗiyarta guda tilo. Wata rana yarinyar ta je wanke ƙore, sai aljanar gulbin ta ga zanen ya burge ta, ta janye ƙoren, ta haɗa da yarinyar. Uwar ta ɗauki murhu da ƙarafuna da farin duma ta je bakin ruwa ta zauna, ta ce ba ta tashi. Da almuru aljana ta fito, gashi har gadon baya. Ta ce ta ji ana cewa matar nan ta fi kowa hannu, to a gwada kwana uku. In uwar ta nuna mata abu guda na sana'ar nan da ba za ta iya ba, ta ɗauki ɗiyarta. In ba haka ba, ita ma ta biyo ta cikin ruwa.

Rana ta farko uwar ta zana ƙahonin shanu ɗari sun sarƙe da juna. Kafin ta ajiye ƙarfe, aljana ta miƙo mata ƙwarya goma, kowacce sak irin tata. Rana ta biyu ta yi zane mai ƙanƙanta da sai an runtse ido ake ganinsa. Aljana ta yi dariya, ta cika bakin gulbi da irinsa har ƙore suna yawo a kan ruwa.

A nan ƙarfen Dada ya yi ja, ta tsaya. Na tuna yadda na ƙura wa hannunta ido, ina cewa a raina matar nan ta hallaka. Sai da ta zagaye bakin ƙwaryarta tsaf sannan ta ci gaba.

Ta ce rana ta uku uwar ba ta zana komai ba. Ta zaro jan ƙarfe daga wuta, ta juya mariƙin wajen aljana, ta tura mata farar ƙwarya. Dada ta rage murya, ta faɗa da harshenta na mutanenmu, “Tac ce mata, kwana biyu ni ka gaba kina biya. Yau ke hwara.”

Aljana ta karɓa. Ta dubi ƙwarya, ƙwarya fara fat, ba abin da za ta bi. Ta kai ƙarfe, ta janye. Ta juya ƙwaryar, ta sake kaiwa, ta janye. Ƙarfe ya huce, uwar ta sake miƙa mata wani. Ya huce. Wadda ke iya cika gulbi da ƙore kafin ƙiftawar ido, ta kasa sa ɗigo ɗaya, domin tun da aka halicce ta ba ta taɓa fara komai ba. Da garwashi ya zama toka, ta nutse, sai ga yarinya ta taso da ƙorenta a ka.

“Nan tat tsaya,” in ji Dada, “ni ma nan nit tsaya.”

Sauran yara suka shiga gardamar ko aljana tana da ƙafa. Ni kuwa na san da wa ake. Ban ankara ba sai na ji sabon ƙoƙo a cinyata, da mariƙin ƙarfe a tafin hannuna. Dada ce ta ɗora mini su.

Na dubi ƙoƙon. Duk zanen da ya zo mini a rai, in na duba sai in ga na Dada ne. Ƙarfe ya huce, ta canja mini. Sau uku. A na ukun na fashe da kuka, na tambaye ta ita ba ta jin tsoro ne.

“Kullum, Balki. Kowace ƙwarya sai cikina ya ɗuri ruwa.”

“To yaya kike yi?”

“Ƙarhe na hucewa. Shi ka sa ni.”

Damina biyu bayan haka idonta ya rufe gaba ɗaya, ba da jimawa ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ban taɓa fara komai a gabanta ba, ita kuma ba ta taɓa ce mini ina da hannu ba. Wannan abu ya daɗe yana yi mini ciwo.

Na girma na zama mai zanen lalle a Jega. Babana ya so in kama aikin koyarwa, na ƙi, na ce kaina zan yi wa aiki kamar Dada. Ina da ɗan shago, ina buɗewa lokacin da na ga dama, wani watan ba ni da lokacin cin abinci, wani watan ƙuda ne abokin hirata. Kuma ba yabon kai ba, a garin nan ba wadda ta kai ni kwaikwayo. Mata su zo da waya, su nuna hoto, su ce a yi musu irin wannan, in zana musu shi har ya fi na hoton kyau. Shekaru na yi a haka ina cin abincina, ina cika baki wai na gaji kakata.

Sai aka kira ni lallen wata amarya mai suna Rabi a Sabiyal. Na hau mashin daga Aliero, muka ratsa gonakin albasa, fangali bayan fangali, wato komayen shuka, ruwa na bin 'yan hanyoyinsa, albasar da aka bari don iri ta fitar da fure fari kamar dunƙulen auduga. Na isa, na kwaɓa baƙin lalle, na ɗura a leda, na ce a kawo hoto. Aka ce wayar da hoton ke ciki ta mutu, ba wuta a garin tun jiya. Tawa kuma na baro ta a shago tana caji.

Rabi ta miƙo hannuwa ta ce, “Anti, ki yi mini na kanki mana.”

Ɗakin cike yake da mata, kowa ta zuba mini ido. Baƙin lalle ma ba ya goguwa, ga shi hannun amarya ne da dangin miji za su duba gobe. Gumi ya keto mini. Ni da nake cika baki, ga ni zaune na riƙe leda kamar ban taɓa ganinta ba. Bakin ledar ya fara bushewa, na goge, ya sake bushewa. Wata tsohuwa ta tambaya ko dai a aika a kira wata.

Na yi bisimilla, na ɗora. Na ja layi daga wuyan hannu, sai na ga ya yi kama da hanyar ruwan da na wuto. Na bi shi. Na yanka fangali a bayan hannun, na tsayar da furen albasa a kan kowane yatsa. A hannun hagu layi ɗaya ya karkace mini, ba yadda zan yi da shi. Gwaggon amarya ta leƙo ta ce, “Wanga kam bai daidaita ba.” Gaskiya ta faɗa. Amma a hanyar komawa, a bayan mashin, kuka nake yi ina dariya, har mai mashin ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan kamar wata biyu wata budurwa 'yar gayu ta shigo shagona ta miƙo waya. Ta ce wannan ake yayi yanzu, an ce wata ce a Kano ta ƙirƙiro shi, zan iya?

Na karɓa na ƙara girman hoton. Fangali ne, da furen albasa a kan yatsu. Kuma ba ma hannun Rabi ba ne, wani hannu ne dabam, da zobban da ban taɓa gani ba. Wata can da ban sani ba ta kwaikwaya daga wata, ita ma daga wata. A hannun hagu, ga karkataccen layina nan, sun bi shi daidai.

Ban ji haushi ba, to wa zan ji wa? Ni ma shekaru na yi ina ci daga abin da wasu suka fara. A ranar na gane cewa kowane hoton da aka taɓa miƙo mini, akwai wata mata a wani gari da ta zauna gaban hannun da ba komai a kansa, gumi na keto mata, ta daure ta ɗora. Ba a san sunanta ba, amma da ba ta yi ba, da dukanmu muna nan riƙe da leda. Na ji girman abin ya cika mini ƙirji, na so a ce Dada tana raye ko da ba za ta gani ba.

Na ce wa budurwar zan iya, amma in tana so in yi mata wani sabo da ba a taɓa yi wa kowa ba. Ta yatsine fuska ta ce a'a, na hoton take so. Na zauna na kwaikwayi kaina. Da na zo hannun hagu sai na ce bari in gyara kuskurena, na ja layin a miƙe. Ta janye hannu da sauri, ta nuna mini wayar.

“Haba Anti, ki duba da kyau. A karkace yake. Ai nan ne kyan abin.”